Yadda za ka gano matsalar haidrolik a ƙaramar lodar da aka haɗa da hannu

Tun da masu walda suka fara haɗa ƙananan lodoji, irin waɗanda ake ɗibar yashi da su a gidan bulo ko kwasar taki a gona, tambaya ɗaya ke yawan zuwa mini, kalmomin ne kawai ke canjawa. "Oga, jiya tana ɗagawa, yau ta ƙi." "Da safe lafiya lau, rana na yi sai ta mutu murus." "Famfo yana kuka kamar an zuba masa tsakuwa." Kuma kusan kowa da abu ɗaya yake rufewa: wane famfo zan saya?

Dakata tukuna. Famfo yana cikin mafi tsada a abubuwan da ake zargi, kuma a injin da aka haɗa da kayan kwance, sau da yawa laifin yana wani wuri daban: tiyon da ya yi ƙanƙanta, ɓurɓushin walda da ya rage a tanki, ko lissafin da ba a yi ba ranar ƙira. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Shi ya sa na jera matakan nan daga wanda ba ya cin ko sisi zuwa wanda zai taɓa aljihu, kuma a jere nake so a bi su.

Abu biyu ka riƙe. Yawan man da famfo ke turawa a minti shi ke ba da sauri, matsin da man ya kai kuma shi ke ba da ƙarfi. Lodar da ke jan jiki amma tana ɗaga kaya, gudun mai take rasawa. Wadda ke zabura idan bokiti ba komai, amma ta durƙushe da an cika shi, matsi take rasawa. Duk lissafin da zan yi a kan loda ɗaya zan yi shi: injin dizal mai ƙarfin doki 10, famfon giya, wato mai haƙora, mai cc 8 (yawan man da yake turawa a juyi ɗaya ke nan), bawul mai liba biyu, da silinda biyu masu faɗin milimita 50 a hannun ɗagawa. Kowa ya sauya lambobin da na tasa.

Kayan aiki

Gejin matsi mai kaiwa bar 250 ko 400 (bar shi ne ma'aunin matsi), irin mai ruwa a cikin gilashinsa don kada allura ta riƙa rawa. Mahaɗi mai baki uku da zai shiga layinka. Sifanu, kowace lamba guda biyu, ɗaya na riƙewa ɗaya na kwancewa. Murafan ƙarfe na toshe bakin tiyo. Sai kwali, kwalba mai haske, maganaɗisu, jarka mai alamar lita, weji, ƙarfen tokare, da wayarka don ƙirga daƙiƙa. Geji da mahaɗi a wajen masu kayan tifa da katafila ake neman su, irin na Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ka tafi da tsohon mahaɗi a aljihu a gwada zarensa a gabanka. Kuɗin su biyun bai kai na sabon famfo ba ko kusa.

1. Kwantar da ita kafin ka ɗauki sifana

Ajiye bokiti ƙasa a wuri mai lebur, ka sa wa tayoyi weji gaba da baya, ka kashe inji. Sannan ka kaɗa kowace liba gaba da baya sau uku ko huɗu, domin mai yana nan a matse cikin tiyo ko da inji ya mutu. Idan aikin ya tilasta hannu ya tsaya sama, yanko ƙarfen kwana daidai tsawon rodin silinda da ya fito, ka ɗora shi a kan rodin, ka ɗaure, ka sauke hannun a hankali har ya zauna a kansa.

Gargaɗi: kada kowa ya shiga ƙarƙashin hannun da mai kaɗai ke riƙe da shi, ko na ƙiftawar ido ne. Kuma kada ka shafa tiyo da hannu kana neman inda yake yoyo. Ramin da bai kai bakin allura ba yana harbo mai da ƙarfin da ke huda fata, matsin bar 7 ma yana iya yin haka, mu kuwa a 160 muke aiki. Kwali ake karawa. Wanda mai ya huda, raunin zai yi kama da cizon sauro, amma aikin tiyata ne na gaggawa. A wuce da shi asibiti a lokacin, a faɗa wa likita irin man da ya shiga.

2. Yi wa mai tuƙa ta tambayoyi huɗu

Ta taɓa yin aiki daidai tun da aka haɗa ta? In ba ta taɓa ba, matsalar ƙira ce ko haɗi, mataki na 5 da na 11 su ne naka. Me aka taɓa na ƙarshe? Dukkan liba ne suka yi rauni ko guda ɗaya? Da sanyi take yi ko sai mai ya ɗauki zafi? Idan komai ya yi rauni tare, laifin yana abin da suka yi tarayya a kai: mai, layin zuƙa, famfo, ko bawul ɗin sakin matsi, wato wanda ke mayar da mai tanki idan matsi ya kai iyaka. Idan liba ɗaya ce, ka bar famfo ya huta.

3. Duba mai

Mayar da dukkan rodi ciki kafin ka duba inda mai ya tsaya, ka kuma tabbata akwai sararin iska a saman tanki. Sai ka ɗiba a kwalba ka ɗaga wa rana.

In ya yi fari kamar an dama nono, ruwa ya shiga, ko ta murfi lokacin damina ko wajen wanki. Ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi: idan ya yi ƙara kamar an jefa ƙosai a kasko, ruwa ne. In kumfa ce a sama kamar sabulu, iska yake sha, wuce mataki na 4. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ya dafa shi. Zura maganaɗisu har gindin tanki: ɗan laushin gari baƙi ba abin tsoro ba ne, amma ɓurɓushin ƙarfe mai kaifi yana nufin wani abu na cin kansa a ciki. Jikin famfon giya yawanci alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi, saboda haka ka kalli kwalbar a rana ko za ka ga ƙyalli.

Man da ya dace shi ne na haidrolik mai lamba 46 ko 68. A zafin Maris zuwa Mayu, inda rana ke haura digiri 40, ni 68 nake zubawa. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, araha ce da ba ta ado, dattin da ke cikinsa ne zai riƙa goge haƙoran famfo. Man birki kuma kada ya kusanci tankin, yana kumbura robobin sil.

4. Bi layin zuƙa daga tanki zuwa famfo

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin nan masu ƙira suka fi tsuke hannu. Ba layin matsi ba ne, sai a ga kowane tiyo ma ya isa.

An taɓa kawo mini wata loda daga gidan bulo a bayan mota. Mai ita ya riga ya canja famfo sau biyu. Ya ce, "Malam, da safe kamar doki, ƙarfe goma sha ɗaya na yi sai ta fara kuka." Muka tayar da ita muka bar ta tana ɗaga yashi har mai ya yi zafi. Kukan na farawa na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, sai ga tiyon zuƙa ya lotsa, ya manne kamar hanjin kaza. Tiyon lagireto ne aka sa. Da sanyi yana riƙe siffarsa, da ya yi laushi sai famfo ya tsotse shi. Yarona ya taɓa shi da bayan sifana ya ce, "Oga, wannan ai ko kunu ba zai wuce ba." Tiyo mai waya a murɗe a cikinsa, wanda ake rubuta wa 100R4, shi muka sa, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Famfo na biyun da aka cire ma lafiyarsa ƙalau.

Ga abin da za ka duba. Faɗin tiyon: famfo mai tura lita 24 a minti yana son inci 1, uku bisa huɗu na inci a kan gaɓa yake, rabin inci kuwa shaƙewa ce. Ya zama gajere, ba lanƙwasa mai kaifi, kuma tanki ya kasance sama da famfo don mai ya gangaro da kansa. Ciro rariyar da ke bakin bututu cikin tanki ka wanke ta da kananzir. A tankin da aka yi da walda za ka sha mamakin abin da ke manne da ita: ƙwayoyin walda, tsatsa, ɓawon fenti, har tsumma na taɓa cirowa. In akwai makunni a layin, tabbata a buɗe yake gaba ɗaya.

Sai murfin tanki. Tanki yana numfashi, domin mai yana hawa da sauka yayin da rodi ke fita da shiga. In murfin a toshe yake ruf, ko ƙurar hunturu ta cike matatarsa, famfo zai riƙa ja da ƙyar. Gwaji mai sauƙi: famfo na cikin kuka, sassauta murfin. Ka ji ya yi "fusss" kuma kukan ya lafa, ka gano.

Iska kuwa tana shiga ta inda mai ba ya fita, shi ya sa ba a ganin ta. Shafa giris mai kauri a kan kowane kilif da mahaɗi ɗaya bayan ɗaya, inji na aiki. Inda sautin famfo ya canja, nan ne. Leƙa cikin tanki kuma ka ga bututun da ke dawo da mai: dole bakinsa ya nutse cikin man, nesa da bakin zuƙa. In daga sama yake zubowa kamar famfon wanka, kai da kanka kake kaɗa kumfar.

5. Tsakanin inji da famfo

Yi alama da alli a kan mahaɗin inji da na famfo, ka ɗaga kaya, ka kashe, ka duba. Alamun sun goce, to ki, ɗan ƙarfen da ke kulle mahaɗi a kan sanda, ya karye ko bel yana santsi, inji na juyawa famfo na bin sa da rabi.

Gargaɗi ga mai sabon haɗi: famfon giya ɓangare ɗaya yake juyawa, akwai na dama akwai na hagu, yawanci da kibiya a jikinsa. Babban baki na zuƙa ne, ƙaramin na turawa. Ka juya shi baibai, ba zai ba da mai ba, kuma zai iya tunkuɗo sil ɗin gaba waje. Haka nan ɗaura fule kai tsaye a kan sandar famfo: bel yana jan ta gefe guda, ba a daɗe sai ta fara yoyo. A yi wa fulen nasa mazaunin da boris, famfo ya karɓi juyi kawai.

6. Ɗaura geji

Gani ya kori ji. Sa mahaɗi mai baki uku a layin da ya taso daga famfo zuwa bakin bawul mai alamar P, ka ɗaura geji. Bari mai ya yi ɗumi, ka ba inji totur na aiki, ka ɗauki karatu biyu.

Na farko, liba duka a tsakiya. Allura ta kwanta ƙasa, wajen bar 5 zuwa 15. In ta haye sama ba wanda ya taɓa komai, mai ba ya samun hanyar komawa tanki. Dalilan da na fi gani: filtar dawowa ta toshe, liba ba ta komawa tsakiya sosai saboda sifirin ɗinta ya gaji, ko an sayo bawul mai rufaffiyar tsakiya, wato wanda ke tare mai idan liba na tsakiya. Famfon giya ba ya daina turo mai, saboda haka bawul mai buɗaɗɗiyar tsakiya yake bukata. A bawul irin P40 akwai baki mai alamar N, kuma wani toshi da ake ɗaurawa a nan yana mayar da shi rufaffe. A kayan kwance sai ka sayo shi a haka ba ka sani ba.

Na biyu, naɗe bokiti har ƙarshe ka riƙe libar daƙiƙa uku, kada ka wuce biyar. Inda allura ta tsaya, nan bawul ɗin sakin matsi yake buɗewa. Maimaita da kowace liba, gaba da baya, kana rubutawa.

Duka sun kai abin da ake so, misali 160, amma ba ta ɗagawa: haidrolik lafiya yake, je mataki na 11. Duka sun tsaya ƙasa a lamba ɗaya: mataki na 7. Guda ɗaya ce ta gaza: musanya tiyoyinta da na maƙwabciyarta a jikin bawul. In raunin ya tsaya a silindar da yake, silindar ce. In ya koma ɗayar, sashen bawul ɗin ne. Wannan dabarar tana aiki ga lodar da ke tafiya da motocin haidrolik, wato na'urorin da ke juya taya da ƙarfin mai, idan ɓangare ɗaya ya yi sanyi, sai dai a ɗage tayoyin daga ƙasa kafin gwaji.

Gargaɗi: mai bawul biyu, na tuƙi da na ɗagawa, kada ya ciyar da na biyun daga bakin T na na farko. T hanyar komawa tanki ce, ba a yi ta don matsi ba. Ana yin haka sil ɗin liba ya fara zubar da mai, wani lokaci jikin bawul ɗin ya tsage. Ta bakin N ake wucewa, da ɗan bututun da aka yi domin haka, T kuma ta tafi tanki ita kaɗai.

7. Bawul ɗin sakin matsi

Sassauta notin kulle, ka juya sukurun ciki kwata ɗaya zuwa dama, ka sake gwadawa. Allura ta ƙaru, to saiti ne kawai ya sauka, ci gaba kwata-kwata har ka kai lambar da kake so, ka kulle. Ba ta motsa ba, kada ka ci gaba da ɗaurewa. Kashe inji, saki matsi, kwance bawul ɗin gaba ɗaya a kan farin ƙyalle, kana jera kayan yadda suka fito. Nemi karyayyen sifirin, yagaggiyar roba, ko datti a mazaunin. Ƙwayar walda da ba ta kai ƙwayar gero ba ta isa ta hana shi rufewa, rabin man ya riƙa sulalewa tanki. Wanke, busa, mayar, ka dawo da sukurun baya ka fara saiti daga ƙasa.

Gargaɗi: ba a saita wannan bawul da kunne. Kuma iyakarka ita ce abin da ya fi rauni a layin: karanta lambar da ke jikin tiyo, ta famfo da ta silinda, ka tsaya ƙasa da mafi ƙanƙanta. Kada ka taɓa toshe bakin famfo don ka ga ƙarfinsa. Ba shi da inda zai kai man, jikinsa zai fashe ko sanda ta karye.

8. Yanzu ne za a tuhumi famfo

Lissafin ba wuya. Ninka cc da juyin inji a minti, ka raba da 1,000. Cc 8 a juyi 3,000 ya ba da lita 24 a minti, a aikace ɗan ƙasa da haka. Silinda mai faɗin milimita 50 da tafiyar milimita 400 tana cin kusan lita 0.8, biyu kusan lita 1.6. Ke nan hannu ya kamata ya tashi daga ƙasa zuwa ƙarshe cikin daƙiƙa 4 zuwa 5.

Ƙirga da wayarka sau huɗu: ba kaya da sanyi, da kaya da sanyi, sannan ka maimaita biyun bayan aikin rabin awa. Famfon da ya cinye yana da halinsa. Ba kaya yana kusa da daidai, da kaya ya ja baya, mai na yin zafi ya tsinke sai abin ya ninka, domin man yana zamewa ta gefen haƙora yana komawa baya. Taɓa jikinsa da bayan hannu: zai fi tanki zafi nesa ba kusa ba. In layin zuƙa lafiya, bawul ɗin sakin matsi a wanke, silinda sun ci gwajin mataki na 9, kuma ga wannan hali, to sayi famfo da zuciya ɗaya. Amma kafin ka ɗaura shi, juye man, wanke tanki, canja filta. Garin tsohon famfo yana nan yana jiran sabon.

9. Hannu yana saukowa da kansa

Ɗan saukowa a hankali cikin mintuna da kaya a bokiti ba lalacewa ba ce. Sandar da ke cikin bawul ƙarfe ce a cikin ƙarfe, da ɗan sarari tsakaninsu, kullum akwai abin da ke zurarewa. Wanda ido ke gani yana tafiya, shi ne matsala.

Gwada silinda ɗaya-ɗaya. Sauke hannu, zare fil ɗin kan rodi don silindar ta rabu da kaya, ka tallafe ta, ka fitar da rodin har ƙarshe. Kashe inji, saki matsi, kwance tiyon ɓangaren rodi, ka toshe bakin tiyon da murfin ƙarfe, bakin silindar kuma ka bar shi a buɗe da roba a ƙarƙashi. Tayar da inji ka riƙe liba ta ɓangaren fitarwa. Ɗigo kaɗan da farko ba komai. Mai na zuba ba tsayawa, sil ɗin fistin ya mutu. Bakin a bushe, silindar lafiya, bawul ne ya cinye.

Gargaɗi: yi wa libar alama kafin ka tayar, kada ka tura ta ɗaya ɓangaren, kuma kowa ya kauce daga saitin bakin da ke buɗe.

Kayan sil ba su da tsada in aka kwatanta da sabuwar silinda. Amma in ka buɗe, zura yatsa ka shafa bangon ciki. In farce yana kama zane, sabon sil ba zai yi wata ba, sai an goge bangon. Rodin da ya lanƙwashe kuma, mirgina shi a kan tebur mai lebur za ka gani, wannan aikin mai injin tana ne, wato injin sassaƙa ƙarfe. Akwai kuma lodar da in ka ja liba a hankali sai hannu ya ɗan faɗa kafin ya tashi: wani ɗan bawul mai hana mai komawa baya ne a cikin babban bawul ya maƙale, wanki yake so.

10. Zafi da yoyo

Mai ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 40 da 60. Ya haura 80, sil yana bushewa, man yana lalacewa. In ba ka iya barin tafin hannu a jikin tanki daƙiƙa biyu, ka kai 60 ko ka wuce. Duk man da ya bi ta bawul ɗin sakin matsi, ƙarfinsa zafi yake komawa: lita 24 a bar 160 ya haura kilowat 6, kamar ka jefa hita shida masu wat 1,000 a tanki. Direban da ke riƙe liba bayan rodi ya kai ƙarshe, shi ke kunna su. Tankin ma kada ya gaza abin da famfo ke turawa a minti ɗaya, ga lodarmu lita 24 ne mafi ƙanƙanta, 40 ya fi, kuma a nisanta shi da salansa.

Yoyon mahaɗi yawanci auren dole ne tsakanin zare biyu. A rabin inci, zaren BSP da na NPT suna shiga juna har ka ɗauka sun dace, amma kusurwar haƙoransu ta bambanta, ɗaya digiri 55 ɗaya 60. Ƙarin ɗauri ba ya gyara wannan, tsagewa yake kawowa. Farin tef ɗin masu famfon ruwa kuma ba shi da aiki a mahaɗin da ke rufewa da baki mai gangare ko da roba, guntayensa ne ma ke ƙarewa a cikin bawul. Kayan famfon ruwa gaba ɗaya, elbo da soket, kada su shiga layin matsi.

11. Idan geji ya ce lafiya amma ba ta ɗagawa

Nan sai a koma kan ƙira. Silinda mai milimita 50 a bar 160 tana tura kusan tan 3, biyu tan 6. Amma abin da ke isa bokiti ya danganta da inda aka kafa su. In tazarar da ke tsakanin fil ɗin da hannu ke juyawa a kai da layin turin silinda santimita 25 ce, bokiti kuma yana nisan mita ɗaya da rabi, kashi ɗaya cikin shida ne ke isa, kusan tan 1, a cire nauyin hannun da bokitin. In silindar ta kwanta kusan a miƙe da hannun lokacin da yake ƙasa, tazarar na iya raguwa zuwa rabi, ƙarfin ma haka. Shi ya sa wata lodar ba ta iya ɓamɓaro kaya daga ƙasa, amma in aka taimaka mata ta ɗan tashi sai ta ƙarasa. Maganin shi ne a sauya mazaunin fil. Ka kuma tuna jiƙaƙƙen yashi yana kusantar tan 2 a cikin ma'aunin da tsawonsa, faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne, a kan busasshe mai kusan 1.6. Bokitin da aka ƙera da rani yana iya fin ƙarfinta da damina.

In kuma inji ne ke shaƙewa yana baƙin hayaƙi har ya mutu, famfo ya fi ƙarfinsa. Ninka bar da lita a minti, ka raba da 600, ka sami kilowat. Namu 6.4 ne, da asarar da ba a rasawa ya cinye dokin 10 ɗin nan kaf. Wanda ya sa mai cc 16 don neman sauri, injinsa zai durƙushe tun wajen bar 80. Famfon tifa kuwa, da yawansu sun haura cc 60, ba sa'an ƙaramin inji ba ne. Ko a rage famfo, ko a ƙara inji.

12. Mayarwa da fitar da iska

Goge bakin kowane tiyo kafin ka ɗaura. Zuba mai ta mazurari mai rariya, ko da daga sabuwar jarka ne. Man da ka juye in yana da haske, ba ruwa ba ƙyalli, tace shi ka mayar, domin jarkar lita 20 ba ƙaramin kuɗi ba ce. Cika bakin famfo da mai kafin ka haɗa tiyon zuƙa, kada ya fara juyi a bushe. Tayar da inji a silo, ka kai kowace silinda gaba da baya sau takwas zuwa goma ba kaya, kana tsayawa kafin ta buga ƙarshe. Da farko za ta riƙa fizga, a hankali ta daidaita. In kumfa ta taso, kashe ka ba ta minti goma ta kwanta, ka ƙara mai. Bayan aikin yini ɗaya ka sake duba rariya da filta, ka bi mahaɗai da kwali.

Sannan ka ɗauki fenti ka rubuta a jikin tanki abin da ka samu ranar da take lafiya: matsi bar 160, tashin hannu daƙiƙa 5, mai lamba 68, da kwanan watan da aka zuba shi.